Yadda Za Ka Ci Moriyar Digiri na Biyu a Fannin Nazarin Zamantakewa

Wanda ya kammala digirin farko a nazarin zamantakewa, ya kuma gama yi wa ƙasa hidima, ya kamata ya fara tantance aikin da yake hari kafin ya sayi fom ɗin digiri na biyu, domin takardar shaida ita kaɗai ba ta ba mutum aiki. Abin da masu ɗaukar ma'aikata suke saye shi ne ƙwarewar bincike.

Idan koyarwa a jami'a kake so, to nemi digiri na biyu irin na bincike, wanda ake rubuta cikakken kundi a ƙarshensa, saboda shi ne yake buɗe ƙofar digiri na uku, kuma ba tare da digiri na uku ba, da wuya malami ya kai matsayin babban lakcara a jami'o'in Najeriya. Idan kuwa kana aiki ne a ma'aikata, ƙarin girma kake nema, digirin ƙwarewar aiki da ake yi a ƙarshen mako ya wadatar, sai dai ka sani cewa jami'o'i da dama ba sa karɓarsa kai tsaye don digiri na uku. Wanda sakamakonsa na farko ya yi rauni yakan fara da difloma ta bayan digiri (PGD).

Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna da sashen nazarin zamantakewa. Ka bincika malamansa kafin ka zaɓa, domin mai duba kundinka ya fi sunan jami'ar tasiri a kan tsawon zamanka.

A kan batun kundi ne ɗalibai suke yawan yin asara. Wasu sukan ɗauki duk abin da ya fi sauƙi don su gama da wuri, alhali kundin nan shi ne abin da za a tambaye su a kansa ranar ganawar neman aiki. Zaɓi matsalar da hukumomi suke kashe kuɗi a kanta: almajiranci, shaye-shayen matasa, rikicin manoma da makiyaya, mace-macen mata wajen haihuwa, ko rayuwar 'yan gudun hijira a Borno. Sannan ka fita da kanka ka tattara bayanai, ka iya tsara takardar tambayoyi, ka iya jagorantar tattaunawar rukuni, ka kuma koyi manhajar SPSS ta nazarin alƙaluman bincike, ko da kuwa tsoron lissafi ne ya kawo ka wannan fanni tun farko. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da UNICEF, da ƙungiyoyin agaji duk irin wannan hannu suke buƙata, kuma jin Hausa ko Barbarci babban jari ne wajen hira da mutanen karkara.

Game da kuɗi kuwa, tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka wanda ba ya cikinsu sai ya tanadi kuɗin makaranta da na zirga-zirgar bincike, ya kuma ƙara da na watannin da yajin aiki zai iya ci.