Darasi na 6: Wake da Iskar Ciki

Nama ya yi tsada a kasuwar Tawa, gidaje da yawa sun koma ga wake. Ƙosai da kunu da safe, shinkafa da wake da rana, wani lokaci ɗan wake da dare. Akwai kuma waɗanda suka bar nama da gangan, suka riƙe hatsi da ganye kawai. Ba a jima ba sai ƙorafi: ciki ya kumbura, tusa ta yi yawa, mutum na sahun salla yana fargabar alwalarsa.

Wannan ba cuta ba ce. Lafiyayyen mutum yana fitar da iska sau 10 zuwa 20 a yini, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga abin da ke faruwa. A cikin wake akwai wani irin sukari da ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa. Yana wucewa yadda yake har babban hanji. Can akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani ga jiki. Su ne ke cin wannan sukari, suna fitar da iska, kamar yadda ƙullun masa ke tashi idan ya kwana. Kabeji da ɗanyar albasa ma haka suke yi, har albasarmu ta Galmi da muke alfahari da ita. Wari kuwa daban ne. Yawanci daga ƙwai, nama da kabeji yake zuwa, don haka kada a ɗora wa wake laifin kowa.

Babban gyaran yana wurin mai dahuwa. Uwargida, ki jiƙa waken tun da dare, awa 8 zuwa 12. Da safe ki zubar da ruwan, ki ɗauraye, ki ɗora da sabon ruwa. Wani ɓangare na sukarin ya bi ruwan jiƙon ya tafi. Mata da yawa suna jin asarar zubar da shi, amma a zubar ɗin. Ki bari waken ya nuna luɓus, har ya murtsuke tsakanin yatsu biyu. Kanwa tana saurin nunar da shi kuma tana rage cin itace, sai dai a sa kaɗan, domin yawanta yana ɓata wasu sinadaran gina jiki.

Wanda bai saba ba, kada ya fara da kwano cike. Ludayi guda yau, a ƙara kaɗan bayan kwana biyu ko uku. Cikin 'yan makonni hanji yakan saba, iskar ta ragu. A tauna sosai, a sha ruwa, a ɗan taka ƙafa bayan cin abinci. Cin gaggawa da lemon kwalba suna cusa iska a ciki.

Amma in kumburin ya zo da ciwo mai tsanani, ko amai, ko jini a bayan gida, ko rama ba dalili, to ba wake ba ne. A tafi likita ranar.

Aikin gida: Ku rubuta abin da kuka ci jiya tun safe har dare, ku ja layi a ƙarƙashin wanda ya kumbura muku ciki. Idan an jiƙa wake ƙarfe 9 na dare, ƙarfe nawa zai cika awa 10?