Yadda ake haɗa sosej a gida, a kyafe shi ba tare da an cutu ba

Mu a nan Jos, da sanyin hunturu ya kankama sai hankali ya koma kan nama da wuta. Sosej na naman shanu ko na rago yana haɗuwa a gida, kuma ni dai ya fi min na kanti. Amma kafin a je wurin mahauci, a tanadi abu biyu: ƙaramin sikeli mai auna giram, da ma'aunin zafi mai tsinke da ake sokawa cikin nama. In babu su, a dakata tukuna.

Ga dalili. Kilishi shimfiɗa shi ake yi falle-falle, iska da rana su ratsa shi. Sosej kuwa niƙaƙƙen nama ne ɗure a hanji, ga damshi, babu iska, sannan ya shafe awanni cikin ɗumi. Irin wurin da ƙwayar cutar nan mai suna Clostridium botulinum ke so ke nan. Gubarta ba ta da wari ko ɗanɗano, tana shanye jijiyoyi har numfashi ya gagara, kuma hayaki ba ya hana ta.

Abin da ke hana ta shi ne gishirin nan mai ruwan hoda da ake kira Prague Powder #1, mai ɗauke da sinadarin sodium nitrite kashi 6.25 cikin 100. Giram 2.5 ake sa wa kowane kilo 1 na nama, ba ƙari, domin shi ma in ya yi yawa guba ne. Don Allah kada a auna da ido ko da cokali. Kanwa ba ta maye gurbinsa, haka ma gishirin Himalaya duk da kamar launinsu. Wanda bai samu ba, ya gasa sosej ɗinsa a wuta mai ƙarfi a ci a ranar, ya haƙura da banda.

A sayi nama da sassafe, a haɗa tsoka giram 750 da kitse giram 250. A yanka, a sa a firiza har ya fara ƙanƙara, sannan a niƙa. In kitse ya narke a inji, sosej zai fito a bushe yana marmashewa. A narkar da gishirin hoda da gishirin girki giram 18 cikin rabin kofin ruwan sanyi, a zuba, a ƙara tafarnuwa, citta, masoro da barkono. A cuɗa da hannu har naman ya yi danƙo yana manne wa tafi. Hanjin rago kuma a juye shi, a kankare, a wanke tas. A ɗura ba tam ba, a huda kumfar iska da allura, a bar shi ya kwana a firiji.

Batun abin banda, na lantarki ya fi riƙe zafi daidai, sai dai in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki an shiga uku. Shi ya sa na fi son gangar gawayi da masu walda ke ƙerawa: murfi, ƙofar iska a ƙasa, mafitar hayaki a sama, da sandunan rataya nesa da garwashi. A tabbatar gangar ba ta taɓa ɗaukar mai, fenti ko maganin ƙwari ba. Itacen mangwaro, gwaiba ko lemo yana ba da ƙamshi mai kyau. A guji itacen turare (eucalyptus) duk da yawansa a Filato, da garin katako na masassaƙa, don ana samun gam da fenti a ciki.

A rataya sosej awa 1 a zafin digiri 55 na ma'aunin Celsius ba hayaki, har fatar ta bushe. Sai a jefa itace, a kai digiri 65, daga baya 75 zuwa 80. Hayakin ya zama siriri, ba fari mai turnuƙewa ba. A soka ma'auni a tsakiyar wanda ya fi kauri: sai ya nuna digiri 71 a sauke, na kaza kuma 74. Launi ba shaida ba ne, domin gishirin hoda yana barin nama ja ko ya nuna.

A tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara minti 10, a tsane, a sa a firiji. Abin da ba za a ci cikin kwana 4 ba, a ƙulle a leda a kai firiza.