Ashe ba batir ba ne

Sati biyu ana tura mini tsohuwar Golf ɗina kowace safiya a Tumfure, har yaran unguwa suka fara ɓuya in sun hango ni. Na sayi sabon batir, kwana uku ya kwanta. Kuɗina dai sun tafi.

Maƙwabcina mai gyaran wayar mota ya ce, "Malam, tayar mu gani." Ya ɗora mitar auna wuta a kan batir: a kashe 12.2, injin na aiki kuma ta sauka 12, alhali wajen 14 ake so. Fanbel lafiya lau. Ashe altaneta, wato na'urar da ke cajin batir in injin na aiki, ita ce ba ta caji, burushinta ya cinye saura ɗan guntu.

Na samo 'yar Beljiyam a cikin Gombe. Muka fara cire kan batir, sannan muka ɗaura ta. Mita ta nuna 14.1, jar fitilar batir ɗin nan ta gaban direba da na daɗe ina rainawa ta mutu.