Matakan Neman Aiki a Manyan Kamfanonin Binciken Kuɗi

Da farko, ka kula da sakamakonka tun daga shekarar farko a jami'a, domin KPMG, PwC, Deloitte da EY sukan nemi digiri mai daraja ta biyu ta sama, kuma makin da aka zubar a farkon karatu yana da wuyar cikewa.

Idan aikin akanta kake karanta, ka fara jarrabawar ICAN (ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya) ko ACCA (takwararta ta Birtaniya) tun kana ɗalibi.

Sannan ka riƙa gwada tambayoyin lissafi da na fahimtar rubutu kana duba agogo, saboda da irinsu ake tace masu nema kafin a kira su ganawa, kuma lokacin da ake bayarwa ƙanƙani ne.

Bayan hidimar ƙasa, ka cike fom a shafin kamfanin kansa, kada ka biya kowa ko sisi.