Mai zanen hoto da ya koma kan yadi, ga inda ake yawan tafka kuskure

Wallahi abin da na fi gani shi ne mutum ya saba da takarda da kanbas, wato yadi mai kauri da aka shirya don zanen fenti, sai ya sayo yadi a kasuwa ya shimfiɗa ya hau shafa fenti kai tsaye. To sabon yadi akwai sitati a jikinsa, fentin a kan sitatin yake zama, wankin farko ya tafi. A wanke shi tukuna, ya bushe a goge. Kuma don Allah kar a sa fentin mai a kan yadin da ba a yi wa shafen farko ba, man yana cin zaren a hankali har ya riƙa yagewa. In ka buga hoto da tawadar yadi, ɗora wani ƙyalle a kai ka bi shi da dutsen guga, zafin ne ke kama ta.

Sai batun felt, wato ƙyallen ulu da ba saƙa shi ake ba, ruwan zafi da sabulu da murza ne ke sa gashin tumakin ya cuɗe ya kama juna. Nan ne mutane ke shan mamaki, ka auna girman da kake so daidai, ka gama murza ka ga abu ya tsuke kusan kashi ɗaya bisa uku, hoton fuskar da ka tsara ya koma wani iri. Ka fara da wanda ya fi girma, kuma ka gwada ɗan ƙarami ka auna kafin da bayan. Ulun roba kuwa ko ka kwana kana murza ba zai cuɗe ba.

Babban kuskuren a ganina shi ne tilasta wa yadi ya zama kanbas. Abdoulaye Konaté na Mali zane ya karanta a Bamako da Habana ta ƙasar Kuba, amma da ya koma kan shadda yankata yake sili-sili ya jera launi kan launi, ya bar su suna reto. Robert Morris, mai fasaha ɗan Amurka, shi ma a 1967 yanka felt ya yi ya rataye a bango nauyinsa ya ba shi siffa.

Wajen rataye yadin kuma kar ka buga ƙusa biyu ka tafi, zai saki ya lotsa a tsakiya. Ɗinka masa aljihu ta baya ka zura sanda. A nisanta shi da rana, kuma a riƙa dubawa saboda asu, ulu ne abincinsa.