Yadda ake saita wayar hannu don karatu da ibadar Yahudawa

Masu farawa sukan cika waya da manhajoji goma a rana guda, sannan su yi addu'a da lokacin wani garin da ba nasu ba. Manhaja biyu sun wadatar: Sefaria don littattafai, da MyZmanim don lokutan ibada. Ranakun bukukuwa kuwa, shafin Hebcal zai zuba maka su cikin kalandar wayarka.

Sefaria kyauta ce, kuma tana ɗauke da Attaura, Mishna da Talmud (littattafan koyarwar malaman Yahudawa na dā) da sharhin malamin nan Rashi. Sauke littattafan a kan wayar ranar da ka samu Wi-Fi, don kada data ta ƙare maka ko sabis ya ɗauke kana tsakiyar karatu. Kunna wasulan Ibrananci; ɗan koyo ba ya iya karatu ba tare da su ba. Mai bin Daf Yomi, wato shafi ɗaya na Talmud kowace rana kamar yadda Rabbi Meir Shapiro ya assasa a 1923, zai tarar da shafin ranar a jere. Shafuka 2,711 ne, kusan shekara bakwai da rabi.

Wurin da aka fi yin tuntuɓe shi ne lokuta. Ka bar wayar ta gano inda kake da kanta. Wanda ya rubuta sunan gari da hannu yakan manta ya canza idan ya yi tafiya, kuma faɗuwar rana ba ta jiran kowa. Daga nan duba mintunan kunna kyandir ranar Juma'a don tarbar Shabbat, wato ranar hutun Yahudawa: yawancin wurare minti 18 kafin faɗuwar rana, amma a Birnin Kudus minti 40.

Sai ƙarshen lokacin karanta Shema, addu'ar shaida kaɗaitar Allah, da safe. Za ka ga lokuta biyu, kuma ba kuskure ba ne. Lissafin malamin da ake kira Gra yana auna yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Na wani malamin, Magen Avraham, yana auna shi daga ketowar alfijir, minti 72 kafin fitowar rana, zuwa minti 72 bayan faɗuwarta, shi ya sa yake riga wancan ƙarewa da minti 36. Tambayi rabbin, wato malamin, jama'arku wanda suke bi, ka tsaya a kansa. Tunatarwar dai a sa ta a kan wanda ya fi ƙarewa da wuri, ya fi kwanciyar hankali.

Kada ka tsallake zaɓin nan na "Isra'ila" ko "ƙasashen waje". Bikin Pesach kwana 7 ne a Isra'ila, 8 a waje. Bikin Shavuot kwana ɗaya a can, biyu a waje. Idan ƙarin ranar ta faɗo a Asabar, karatun Attaura na mako yakan bambanta tsakanin ɓangarorin biyu har tsawon makonni. Haka kuma ranar Yahudawa da faɗuwar rana take sauyawa, don haka tunatarwar ƙidayar Omer, kwana 49 ɗin da ke tsakanin Pesach da Shavuot, da dare za ka sa ta.

Duk wannan aikin yana tsayawa cak da shigowar Shabbat. Mai kiyaye ta ba ya taɓa waya daga yammacin Juma'a har taurari su fito daren Asabar. Tun Juma'a da rana ka buga shafin Talmud na gobe a takarda, ka rubuta lokutan ibada ka manna a bango. Ƙararrawar da ba ta kashe kanta, cire ta, domin ba za ka iya danna ta ba. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a jefa ta kwandon shara, geniza, wato ma'ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce masu tsarki, ake kai ta.

Littafin addu'a na waya, zaɓi tsarin addu'ar da jama'arka ke bi: Ashkenaz, Sefard ko Edot HaMizrach. Katse sabis kafin ka fara Amida, addu'ar da ake yi a tsaye. Kamfas mai nuna Birnin Kudus, inda ake fuskanta wajen addu'a, kuma yakan karkace idan rigar wayar tana da maganaɗisu, sai a cire rigar tukuna.