Kurakuran da aka fi yi wajen tsare ƙwayoyin zarra a daskararren man roka

Ƙwayar zarra ta haidurojin ba ta zama ita kaɗai. Da ta gamu da 'yar'uwarta sai su haɗe su saki zafi, kilo ɗaya yana ba da wajen megajul (ma'aunin makamashi) 216, alhali haɗin haidurojin da oksijin da manyan rokoki ke ƙonawa 13 da 'yan kai ne. Shi ya sa a 1956 Amurka ta buɗe shirin bincike ƙarƙashin masanin kimiyya Herbert Broida don a tsare irin waɗannan ƙwayoyi cikin daskararren abu, a hana su haɗewa har sai an buƙaci zafinsu. Har yau babu rokar da ta tashi da wannan mai.

Da yawa suna ɗauka sanyi kaɗai ya isa. Haidurojin yana daskarewa a wajen digiri 259 ƙasa da sifili, amma ko an ƙara sanyin, ƙwayarsa tana ratsawa daga gurbi zuwa gurbi har ta sami abokiya. Gyaran shi ne a tsare ƙwayoyin zarra masu nauyi cikin daskararren haidurojin, irin su boron ko alminiyum, waɗanda ba sa yawo haka.

Babban kuskuren a ganina kwaɗayi ne. Lissafin takarda yana son tsararrun ƙwayoyin su kai wajen kashi 5 cikin ɗari na man, sai mai bincike ya yi ta cusawa. Ƙwayoyi biyu su haɗe, zafinsu ya sassauta maƙwabta, su ma su haɗe, kafin ƙiftawar ido samfurin ya yi walƙiya ya zama iska. Garin neman ƙiba an samo rama. A zuba kaɗan-kaɗan a kan farantin da ke janye zafi da sauri, sannan a auna da haske nawa ne suka tsaya su kaɗai, domin abin da aka zuba daban, abin da ya tsira daban.

Akan kuma manta cewa kashi 75 na haidurojin da aka saba da shi nau'in orto ne, wanda ke fitar da zafi yayin da yake rikiɗa zuwa ɗayan nau'insa, wato para. A fara rikiɗa shi zuwa para cikin tsananin sanyi, yadda mai bincike Mario Fajardo da abokan aikinsa suka yi a sansanin sojan sama na Edwards a Kalifoniya; bi da shi ta kan tsatsar ƙarfe yana yin wannan aiki.

Sai batun kai man cikin inji. Bryan Palaszewski na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya gwada daskarar da ƙananan ɗigon haidurojin a ruwan hiliyum don a iya tura su ta bututu. Hiliyum ɗin kaya ne da roka za ta ɗauka, dole a sa nauyinsa cikin lissafi tun farko.